Yadda ake jigilar motocin ƙanƙara a kan tirela zuwa wurare masu nisa

A kowace shekara, da zarar hunturu ya kunno kai a arewacin duniya, manyan hanyoyin Kanada da Amurka da ƙasashen arewacin Turai kan cika da wani irin lodi wanda ba a ganinsa a sauran watanni. Lodin kuwa shi ne babura da katafiloli na tafiya a kan dusar ƙanƙara, ɗaure a bayan motocin a-kori-kura da kan tireloli manya da ƙanana.

Wasu daga cikinsu sababbi ne da suka fito daga masana'anta za su je hannun dillalai. Wasu na masu yawon shaƙatawa ne da ke bin dusar ƙanƙara duk inda ta sauka. Wasu kuma an nufi ƙauyuka da mahaƙar ma'adinai da su, inda rayuwar jama'a ta dogara a kansu na tsawon rabin shekara.

Tafiyar kan kai kilomita ɗaruruwa, wani lokaci ma dubbai, a kan titi mai santsi da kuma cikin sanyin da ke daskarar da man dizal. Kuskure kaɗan wajen lodi ko ɗauri kan jawo asarar dukiya, har ma da ta rayuka.

Motocin da ba su iya hawa kwalta

Motocin ƙanƙara iri uku ne a dunƙule. Na farko shi ne babur ɗin ƙanƙara, wanda ke ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Ba shi da taya. A gabansa akwai alluna biyu na sulɓi waɗanda ake juya shi da su, a ƙarƙashinsa kuma akwai faffaɗan bel na roba mai haƙora wanda injin ke murzawa. Nauyinsa kan kama daga kilo 200 zuwa 300, tsawonsa kimanin mita 3, faɗinsa kuma ya ɗara mita 1 kaɗan.

Na biyu su ne motoci masu sarƙa na ɗaukar mutane da kaya, irin su Bv 206 ta kamfanin Hägglunds na ƙasar Suwidin, mai gida biyu a haɗe, wadda sojoji da masu aikin ceto ke amfani da ita. Na uku su ne katafilolin daɓe ƙanƙara, waɗanda ke share filayen wasan sulɓi da hanyoyin babura suna daddale su.

Dukkansu an ƙera su ne domin su baza nauyinsu a kan fili mai faɗi, don kada su nutse. Wannan dabarar ce kuma ta hana su bin kwalta.

Babur ɗin ƙanƙara, alal misali, yana buƙatar dusar da bel ɗinsa ke fesowa domin ta sanyaya ruwan injin, ta kuma jiƙa robar da bel ɗin ke goga. Idan aka hau busasshen titi da shi, injin zai ɗauki zafi, robar ta narke, ƙarafan da ke ƙarƙashin allunan gaba su cinye. Su ma ƙarafan sukan tsaga kwaltar. Saboda haka ne dokokin akasarin jihohi da larduna suka haramta hawansa a kan manyan hanyoyi, sai dai tsallakawa.

Ke nan duk inda za a kai shi, tilas ne a ɗauke shi.

Inda ake ƙera su

Sunan da ya fi fice a tarihin waɗannan motoci shi ne Joseph-Armand Bombardier, wani makanike ɗan garin Valcourt da ke lardin Quebec na Kanada. A hunturun shekarar 1934 ƙaramin ɗansa ya rasu, bayan da dusar ƙanƙara ta toshe hanya aka kasa kai shi asibiti. A 1937 ya fito da motar B7 mai ɗaukar mutum 7, sannan a 1959 ya fara sayar da ƙaramin babur mai suna Ski-Doo.

A Amurka kuwa, an kafa kamfanin Polaris a garin Roseau na jihar Minnesota a 1954. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Edgar Hetteen, ya bar shi a 1960, ya je ya kafa kamfanin da ya zama Arctic Cat a garin Thief River Falls na wannan jiha.

A farkon shekarun 1970 kasuwar ta kai ƙololuwa, inda kamfanoni fiye da 100 suka shiga sana'ar, aka kuma sayar da babura kusan rabin miliyan a shekara guda. Daga baya tsadar mai da ƙarancin masu saye suka durƙusar da akasarinsu. Kamfanin Yamaha na Japan ma ya sanar a 2023 cewa samfurin 2025 shi ne na ƙarshe da zai fitar.

Abin da wannan ke nufi ga masu sufuri shi ne, baburan da ake hawa daga Alaska zuwa Lapland suna fitowa ne daga 'yan tsirarun ƙananan garuruwa: Valcourt, da Roseau, da Rovaniemi na ƙasar Finland inda ake ƙera samfurin Lynx, da kuma Rybinsk na Rasha inda aka fara ƙera samfurin Buran tun farkon shekarun 1970. Su ma katafilolin daɓe ƙanƙara, kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwarsu, wato Kässbohrer mai PistenBully a garin Laupheim na Jamus, da Prinoth a garin Sterzing na arewacin Italiya.

Daga Valcourt zuwa birnin Anchorage na Alaska ta kan titi, tafiyar ta wuce kilomita 6,000.

Daga masana'anta zuwa dillali

Sabon babur ba ya barin masana'anta a haɗe. Akan cire gilashin gaba da allunan sulɓi, a danne shi a cikin akwati na ƙarfe ko na katako, sannan motar ɗaga kaya ta jera akwatunan wani a kan wani a cikin tirela. Dillali ne ke kwance akwatin, ya haɗa babur ɗin, ya sa masa mai da batir, ya gwada shi.

Lokaci shi ne babban abin damuwa a nan. Masu saye da dama kan ba da oda tun watannin Maris da Afrilu, masana'antu su yi aiki a tsawon watannin zafi, sannan jigila ta kankama daga Satumba zuwa Disamba. Hunturu gajere ne a wurare da yawa, don haka babur ɗin da ya iso a ƙarshen Janairu ya riga ya rasa rabin lokacin hawansa. Dillalin da kaya suka yi masa kwantai kuwa, sai ya riƙe su har wata shekara yana biyan kuɗin ruwa.

Ƙaramar tirela da ka'idar lodi

Mafi yawan jigilar da ake gani a kan hanya ta ɗaiɗaikun mutane ce. Mazauna birane irin su Chicago da Minneapolis da Toronto kan ja baburansu zuwa inda dusar ta fi kauri. Lardin Quebec kaɗai yana da hanyoyin babura da suka kai kimanin kilomita 33,000. Daga Minneapolis zuwa garin West Yellowstone na jihar Montana, wanda ya shahara wajen masu wannan wasa, tafiya ce ta fiye da kilomita 1,500.

Hanyoyi uku ake bi. Akwai buɗaɗɗiyar tirela, wadda ita ce mafi arha da rashin nauyi. Akwai rufaffiya mai kama da ɗaki, wadda ke ɗaukar babura biyu zuwa huɗu ko fiye. Akwai kuma dandamalin ƙarfe da ake ɗorawa a saman bodin a-kori-kura, a hau da babura biyu ta kan doguwar matakala. Wannan na ƙarshe ya fi karɓuwa a yankunan duwatsu na yammacin Kanada, inda juya tirela ke da wuya, sai dai yana ɗaga nauyin mota zuwa sama, wanda ke sa ta saurin kifewa a kwana.

Faɗin da doka ta amince wa abin hawa a Amurka da Kanada kimanin mita 2.6 ne, a Tarayyar Turai kuma mita 2.55. Babura biyu a jere kan ci kusan dukkan wannan faɗi.

Babbar ka'idar lodi ita ce rabon nauyi. A Arewacin Amurka ana so kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta ya sauka a kan ƙugiyar da ta haɗa ta da mota. Idan tirela da babura biyu sun kai kilo 800, to kilo 80 zuwa 120 ne ya kamata su danne ƙugiyar.

Injin babur a gaba yake, shi ya sa ake shigar da shi da kai, domin nauyin ya zauna a gaban tayoyin tirela. Idan nauyi ya rinjaya baya, tirelar takan fara lilo da zarar an ƙara gudu, har ta fizgi bayan motar. Idan kuma ya yi yawa a gaba, tayoyin gaban mota kan saki ƙasa, sitiyari ya daina jin magana. A kan titi mai ƙanƙara, kowanne daga cikin biyun ya isa ya jefa mota cikin rami.

Shawarar da masu koyar da tuƙi ke bayarwa idan lilo ya fara ita ce direba ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya taka birki da ƙarfi. Idan tirelar tana da birkin lantarki, sai ya matsa nata kaɗai, domin ta ja da baya ta miƙe.

Wajen ɗauri, akan gitta sandar ƙarfe a kan allunan gaba a ɗaure ta da ƙasan tirela, sannan a ɗaure baya da ɗamara. Birkin babur kaɗai ba ya riƙe shi. Haka kuma akan shimfiɗa roba mai santsi a ƙasan tirelar, don kada ƙarafan allunan su kankare katako. Tsakanin mota da tirela akwai sarƙoƙi biyu da ake gittawa a ƙarƙashin ƙugiya, ta yadda idan ta kuɓuce za su tare bakin tirelar kafin ya caki ƙasa.

Gishiri da sanyi

Abokin gaba na farko a doguwar tafiya shi ne gishiri. Hukumomin hanya a waɗannan ƙasashe kan zuba miliyoyin ton na gishiri a kan titi kowane hunturu domin narkar da ƙanƙara. Tayoyin mota kan feso ruwan gishirin a kan duk abin da ke baya, ya shiga cikin wayoyi da shokozoba da boris, ya haddasa tsatsa. Wannan ne dalilin da ya sa masu hali suka fi son rufaffiyar tirela, sauran kuma ke rufe baburansu da tamfol ko su kafa garkuwa a gaban tirelar, su kuma wanke komai da sun isa.

Na biyu shi ne ƙananan tayoyi. Ana sa wa tirelar babura gajerun tayoyi ne domin ta yi ƙasa, hawa ya yi sauƙi. Amma gajeriyar taya ta fi doguwa yawan juyawa a kowace kilomita, don haka boris ɗinta ya fi saurin ɗaukar zafi. Idan ruwan gishiri ya wanke giris, boris kan ƙone, taya ta fice tana gudu. Direbobin da suka goge kan taɓa gindin kowace taya a duk inda suka tsaya shan mai, don su ji ko ya yi zafi.

Na uku shi ne sanyin kansa. Iskar taya kan ragu duk lokacin da sanyi ya ƙaru. Batir kan rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa. Man dizal yana da kakin da ke fara daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ya toshe matatar mai, mota ta mutu a tsakiyar daji. Saboda haka gidajen mai na arewa ke sayar da dizal na hunturu, wanda aka gauraya da mai mai kama da kananzir. Ruwan da sababbin manyan motoci ke amfani da shi wajen tace hayaƙi kuwa, yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifiri. A manyan tireloli masu birkin iska, raɓar da ta taru a cikin bututu kan zama ƙanƙara ta hana birki aiki.

Ɗamarar ɗaure kaya ma ba ta tsira ba. Idan ta jiƙe ta daskare, takan yi kamar ta ɗauru tamau, amma da ƙanƙarar ta farfashe sai ta saki.

Manyan katafiloli

Jigilar katafilar daɓe ƙanƙara aiki ne na ƙwararrun kamfanonin sufuri. Babba daga cikinsu takan kai ton 10 ko fiye. Wannan nauyi ba matsala ba ne ga tirela, domin doka ta amince da jimillar kimanin ton 36 a manyan hanyoyin Amurka, da ton 40 a tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai. Matsalar ita ce faɗi. Daga gefen sarƙa zuwa gefen sarƙa ya wuce mita 4, faifan share ƙanƙara da ke gabanta kuma kan wuce mita 5 idan an buɗe shi.

Zaɓi biyu ke gaban mai jigila. Ko dai ya cire sarƙoƙin da faifan gaba da na'urar baya, ya naɗe su ya ɗora daban, wanda ke buƙatar makanikai da motar ɗaga kaya a farkon tafiya da ƙarshenta. Ko kuma ya ɗora ta da sarƙoƙinta a kan tirela mai gajeriyar ƙafa, irin wadda ake ɗaukar katafilar aikin hanya da ita, ya nemi takardar izinin wuce ƙima.

Takardar kan fayyace hanyar da za a bi, da sa'o'in da za a yi tafiya, da ko ana buƙatar motar rakiya mai fitila a gaba ko a baya. A Amurka kowace jiha ce ke ba da tata, don haka wanda zai ratsa jihohi biyar sai ya nemi takardu biyar. Jihohi da dama kan dakatar da irin wannan lodi idan guguwar ƙanƙara ta taso. Ƙarshen tafiyar kuma yawanci hawan dutse ne mai ƙananan kwanoni, inda doguwar tirela ke shan wahalar juyawa.

Hawa da sauka su ne lokacin da aka fi samun haɗari. Sarƙa mai ƙanƙara a kan matakalar ƙarfe mai ƙanƙara ba ta da abin kamawa, katafilar tana iya zamewa ta gefe ta faɗo. Shi ya sa akan kankare tirelar, a zuba yashi ko a shimfiɗa katako da tsofaffin tayoyi kafin a fara.

Motar Bv 206 ta bambanta a nan. Faɗinta bai kai mita 2 ba, don haka tana hawa tirela ta yau da kullum ba tare da izini na musamman ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar ɗaure kaya ta gwamnatin tarayyar Amurka, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2004, ta ce jimillar ƙarfin sarƙoƙi da ɗamarun da aka yi ɗauri da su tilas ta kai aƙalla rabin nauyin kayan. Motar da nauyinta ya kai kimanin ton 4.5 ko fiye, sai an ɗaure ta a wurare huɗu aƙalla. Dole ne kuma direba ya tsaya ya duba ɗaurin kafin ya cika kilomita 80 na farko, daga nan kuma bayan kowace sa'a 3 ko kilomita 240.

Game da birki, a Tarayyar Turai duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai ta kasance da birkinta. A lardin Ontario iyakar ita ce kilo 1,360. Lardin Quebec ya wajabta tayoyin hunturu tun 2008, kuma tun 2019 wa'adin ya kama daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A jihar Colorado, manyan motocin kasuwanci da ke bin babbar hanyar I-70 ta cikin duwatsu tilas su riƙa yawo da sarƙoƙin taya daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu.

Sa'o'in tuƙi ma suna da iyaka. Direban babbar mota a Amurka ba ya wuce sa'a 11 yana tuƙi kafin ya huta, a kudancin Kanada sa'a 13, a Tarayyar Turai kuma sa'a 9 a akasarin ranaku. A Alaska da arewacin Kanada an ɗaga iyakar zuwa sa'a 15, saboda nisan da ke tsakanin wuraren tsayawa.

A bakin iyaka, mai yawon shaƙatawa kan nuna takardar rajista da ta inshora, ya kuma sayi izinin hawa hanyoyin lardin da ya shiga. Wanda zai fitar da tsohon babur daga Amurka dungurungum kuwa, sai ya miƙa wa jami'an kwastan takardun mallaka sa'o'i 72 kafin ya iso.

Hanyoyin arewa mai nisa

Babbar hanyar Alaska, wadda sojojin Amurka suka gina cikin 'yan watanni a 1942, ta tashi daga Dawson Creek a Kanada zuwa Delta Junction a Alaska, tsawon kilomita 2,232. Ta ratsa yankin Yukon, inda a ƙauyen Snag aka auna sanyin digiri 63 ƙasa da sifiri a watan Fabrairun 1947.

Hanyar Dalton, mai tsawon kilomita 666, an gina ta ne a 1974 domin aikin bututun mai, ta kuma ƙare a Deadhorse kusa da gaɓar tekun Arctic. Tsakanin Coldfoot da Deadhorse akwai kusan kilomita 390 babu gidan mai babu gareji. Wanda boris ya ƙone masa a nan, jiran taimako cikin sanyi na iya zame masa ajali.

A mashigin Rogers na lardin British Columbia, hanyar da masu zuwa garin Revelstoke daga gabas ke bi, sojojin Kanada kan harba manyan bindigogi kan duwatsu domin su zubo da dusar da ta taru kafin ta rufto da kanta. A lokacin akan rufe hanyar na sa'o'i, tireloli su yi jerin gwano suna jira.

Akwai kuma wuraren da titi bai kai ba sam. Garin Nome na Alaska ba shi da hanyar mota da ta haɗa shi da sauran jihar. Baburan da za su je can da ƙauyukan da ke kewaye, tirela kan kai su Anchorage ko Fairbanks ne, daga nan jirgin sama ya ɗauka, ko kuma a jira jirgin ruwa a watannin zafi. A waɗannan ƙauyuka da babur ake farauta, da shi ake ɗebo itace da ruwa, da shi ake kai marar lafiya filin jirgi. Haka abin yake ga makiyayan Sami na arewacin Norway da Suwidin da Finland, waɗanda tun shekarun 1960 suka koma kiwon barewar gida a kan babur.

A yankin Arewa maso Yammacin Kanada kuwa, akan gina hanya ce a kan tafkunan da suka daskare. Mafi shahara ita ce hanyar Tibbitt zuwa Contwoyto, wadda aka fara buɗewa a 1982, take kuma kai kaya mahaƙar lu'ulu'u da ke arewa da birnin Yellowknife. Fiye da kashi 80 cikin 100 nata a kan ruwa take, kuma kimanin makonni 8 kawai take aiki, a watannin Fabrairu da Maris.

A nan motar ƙanƙara da tirela kowa na cin moriyar ɗan'uwansa. Tirela ce ke kai motoci masu sarƙa bakin tafki, su kuma su shiga gaba suna auna kaurin ƙanƙara da na'ura, suna share dusar da ke kai domin sanyi ya ratsa ƙasa, ƙanƙarar ta ƙara kauri. Sai ta kai kimanin mita 1 ake barin tirela mai cikakken lodi ta hau. Gudunta ba ya wuce kilomita 25 a sa'a, domin nauyin mota kan tura igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara, idan kuma aka yi sauri igiyar kan fasa ta a kusa da gaɓa.

Darasin shekarar 1939

Tarihi ya adana labarin wata motar ƙanƙara da ta fi ƙarfin kowace tirela. A 1939 wani masanin kimiyya, Thomas Poulter, ya jagoranci ƙera wata ƙatuwar mota mai suna Snow Cruiser a birnin Chicago, domin tawagar Richard Byrd mai zuwa nahiyar Antaktika. Tsawonta kimanin mita 17 ne, faɗinta kusan mita 6, nauyinta kuma ya kai ton 34 idan an cika ta.

Da yake babu abin da zai ɗauke ta, sai aka tuƙa ta da ƙafarta daga Chicago zuwa tashar jiragen ruwa ta Boston, tafiyar kilomita 1,640, aka fara a ranar 24 ga Oktoba. Jama'a sun yi ta cincirindo a bakin hanya suna kallo. A kusa da ƙauyen Gomer na jihar Ohio sitiyarinta ya samu matsala, ta kauce daga wata ƙaramar gada ta faɗa rafi, inda ta kwana uku. Jirgin da ya ɗauke ta ya bar Boston a ranar 15 ga Nuwamba.

Da aka isa Antaktika a watan Janairun 1940, tayarta ɗaya ta fasa matakalar katakon da aka yi domin sauke ta. Daga bisani aka gano cewa tayoyinta masu sulɓi ba sa kama dusar ƙanƙara. Tafiya mafi tsawo da ta yi, kilomita 148, da baya-baya ta yi ta. An bar ta a can, kuma rabon da a gan ta tun 1958.

A wannan shekara ta 1958 ce tawagar Vivian Fuchs ta Birtaniya ta kammala ratsa nahiyar daga gaɓa zuwa gaɓa cikin kwana 99, da ƙananan motoci masu sarƙa, ciki har da samfurin Tucker Sno-Cat da ake ƙerawa a garin Medford na jihar Oregon. Motocin da ake kaiwa Antaktika a yanzu sukan fara tafiyarsu ne a kan tirela zuwa tashar jiragen ruwa, sannan su bi ta birane irin su Cape Town na Afirka ta Kudu, ko Hobart na Ostireliya, ko Christchurch na New Zealand.

Ɗumamar yanayi na ƙara nisan tafiya

Hunturun 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa aunawa a Kanada da kuma babban yankin Amurka ya zuwa lokacin. A sassa da dama na jihohin Minnesota da Wisconsin hanyoyin babura sun buɗe na 'yan kwanaki ne kawai, wasu ma ba su buɗe ba. Masu babura suka riƙa jan tireloli zuwa duwatsun yamma da arewacin Quebec, kamfanonin da ke ƙera su kuma suka rage yawan abin da suke fitarwa a 2024.

Ga mazauna arewa mai nisa, lamarin ya fi haka tsanani. A 2006 ɗumin yanayi ya sa an rufe hanyar Tibbitt da wuri, kamfanonin haƙar ma'adinai suka koma ɗaukar mai da kayan aiki da jiragen sama a kan kuɗi mai yawa. A watan Fabrairun 2024 wasu al'ummomin 'yan asalin ƙasa a arewacin Manitoba da Ontario sun ayyana dokar ta-ɓaci, saboda hanyoyin hunturun da suke dogara da su wajen shigo da mai da abinci da kayan gini ba su yi kaurin da za su ɗauki tirela ba.

A wasu wuraren gwamnati ta fara maye gurbin hanyoyin ƙanƙara da na dindindin. A watan Nuwamban 2017 aka buɗe hanya mai tsawon kilomita 138 daga Inuvik zuwa Tuktoyaktuk, wadda ta ba tireloli damar isa gaɓar tekun Arctic ta Kanada a kowane wata na shekara. Amma har yanzu akwai gomman ƙauyuka a arewacin ƙasar da ke jiran tafki ya daskare kafin tirela ta farko ta iso musu da kaya.